Abin da Malam Yake Faɗa

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, kuma ko da ya yi ritaya bakinsa bai yi ritaya ba. In ya fita sayen jarida sai ya dawo da labari uku, biyu daga ciki ba a jaridar ya gan su ba. Matarsa, wadda 'ya'yanta da maƙwabta duk suke kira Umma, takan ce masa, "Malam, ai ko rediyo ana kashe shi ya sha iska."

Wata safiya yana ɗaura agogo a hannu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin gado. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Da aka sallame shi, hannun dama da ƙafar dama sun zama kamar na aro, magana kuma ta ɗauke. Abin da ya rage masa kawai shi ne "to, to." Da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake amsa gaisuwar masu dubiya.

Umma tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, gida huɗu tsakaninsa da nasu. Manyan 'ya'yansu biyu suna aiki a wasu garuruwa. Auta kuwa tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, jarrabawa ta sako ta a gaba. Don haka jinya ta koma wuyan Umma ita kaɗai, sai wata maƙwabciya da take zama da Malam awa biyu da rana, don Umma ta leƙa shago ta rage ɗinkin mutane.

A mako na shida, da hantsi, tana goge masa wuya da jiƙaƙƙen tawul, sai ya buɗe baki. Turanci ya zubo a jere, kalma na bin kalma, da hawa da sauka, da irin muryar da yake cika aji da ita a da. Ya yi kamar ɗango huɗu, ya tsaya.

Tawul ya faɗi daga hannunta.

"Malam! Malam, magana ka yi? Me ka ce?"

Ya dube ta, idanunsa sun firfito kamar shi ma abin ya ba shi tsoro. Ya motsa leɓe, ya yi ta ƙoƙari. "To," ya ce. "To, to."

Da farko murna ta yi, har da hawaye. Amma kafin azahar murnar ta fara tsami. Mutumin da ya yi mako shida bakinsa a kulle, yau ya buɗe, kuma ita da take zaune gabansa ba ta san abin da ya ce ba. A aji uku na sakandare ta bar makaranta ta kama ɗinki. Turancinta na karanta takardar magani ne da gaisawa da likita. Shekara talatin da huɗu suna tare, Malam bai taɓa yi mata Turanci ba sai in zai tsokane ta. To me ya sa yau? Wace magana ce ba za ta faɗu da Hausa ba?

Washegari ya sake, a daidai wannan lokaci. Wannan karon ta yi shiri. Ta danna waya ta naɗi muryarsa. Bayan ya yi barci ta zauna a falo ta kara wayar a kunne, ta saurara har sau takwas. Ta tsinci ƙananan kalmomi da ta sani, irin su ruwa da gida da dare. Amma akwai wata da yake ja, yana nanata ta, muryarsa na sauka a kanta. Ta samo bayan wata takardar awon riga ta rubuta ta yadda kunnenta ya ji: folon.

Ta yi tunanin kiran Auta. Ta ɗauki wayar, ta ajiye. Yarinyar da ke da jarrabawa jibi ba a ɗora mata abin da ba a san nauyinsa ba.

A kan kantar littattafan Malam akwai wani ƙaton ƙamus, bangonsa ya sha filasta, gefen shafukansa ya yi baƙi don yawan buɗawa. Umma ta sauke shi da hannu biyu, ta sa tabaran da take zura zare a allura da shi, ta nemo harafin F. Ta bi da yatsa, layi bayan layi. Babu folon. Ta gwada da L biyu, babu. Ta gwada falon, ta gwada fulon. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, idonta ya fara ruwa. Daga ɗaki ta ji Malam ya yi tari, ta ruga, ta tarar barcinsa yake yi. Ta dawo ta rasa inda ta tsaya.

Kwana biyu tana wannan fama kafin ta lura da wani abu. Nan da can a gefen shafi akwai 'yar alama da fensir, irin wadda Malam yake yi in yana duba aikin ɗalibai. Kalmomin da ya taɓa nema ne, ko waɗanda ya koyar. Sai ta bar bin kunnenta, ta koma bin fensirinsa. Shafi uku gaba ta ga alama a gefen wata kalma, forlorn. Ta furta ta a hankali, ta kunna wayar, ta sake furtawa. Ita ce.

Sai dai bayanin da ke gabanta shi ma Turanci ne, kuma biyu daga kalmominsa ba ta san su ba. Ta nemi ta farko, ita ma ta tura ta wani shafin. Sai da ta tono ɗan ƙaramin ƙamus na Turanci da Hausa da yara suka bari tun suna firamare, sannan ta haɗa kan maganar. Wanda aka yashe. Wanda aka bari shi kaɗai, ba shi da kowa, ya fid da rai.

Ta tuna awa biyun da take tafiya shago. Ta tuna ranar da ta dawo ta tarar maƙwabciya tana tsakar gida tana hira a waya, shi kuma matashin kai ya zame, wuyansa ya karkace, ba ya iya gyarawa. Ta tuna ranar da ya zubar da shayi a zanin gado sau biyu ta ce, "Haba Malam!" da ƙarfi. Ashe duk yana ajiyewa.

Ta shiga ɗakin ta zauna a gefensa, ta kama hannunsa na hagu mai lafiya.

"Malam, ni na yashe ka? In don shago ne, daga yau na rufe. Ka ji? Ba inda za ni."

Ya dube ta, ya haɗa gira. "To, to," ya ce. Ba ta san ko yarda ce ko musu ba.

Ta rufe shagon. Masu ɗinki suka yi ta kira, tana ba su haƙuri. Wata mai kayan makarantar yara ta zo har gida ta karɓi yadinta ba a ɗinka ba. Umma ba ta damu ba. Ko bayi ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe don ta ji motsinsa.

Bayan kwana huɗu Malam ya ƙara wa Turancin nasa tsawo. Ya wuce inda yake tsayawa, ya kawo wasu ɗangwaye sababbi. A cikinsu akwai wata kalma da ya ɗaga murya a kanta har jijiyar wuyansa ta tashi. Umma ta naɗa, ta saurara, ta rubuta sharaud. Yanzu ta san hanya. Ta buɗe inda S da H suke, ta bi fensir. Alama ta farko ba ita ba ce, ta biyu ma haka. A ta biyar ta same ta, shroud.

Wannan karon ba ta buƙaci ƙaramin ƙamus ba. Layin farko na bayanin duk kalmomin da ta sani ne: ƙyalle, naɗewa, jiki, matacce.

Likkafani.

Ta rufe littafin da ƙarfi har ƙura ta tashi. Ita da ta fi shekara talatin tana yanka yadi, ta san yadi nawa ake buƙata, ta san faɗinsa, hannunta ya sha yanka wa maƙwabta in an yi rashi. Ta zauna tana kallon hannayen nata a kan cinyarta. Ta taɓa jin ana cewa mai tafiya yakan sani tun kafin lokaci. Wato sallama yake yi mata kullum da hantsi, ita kuma tana goge masa wuya tana cewa madalla.

A daidai lokacin Auta ta kira.

"Umma, ya jikin Baba? Na ji muryarki wani iri."

"Mura ce. Jiki da sauƙi. Saura takarda nawa?"

"Biyu. Umma, kin tabbata?"

"Ke dai ki yi karatunki."

Ranar ba ta iya cin komai ba. Ta auna hawan jininsa sau biyar da 'yar na'urar da babban ɗansu ya aiko, duk awon bai bambanta da na jiya ba. In ya yi barci sai ta tsaya a kansa tana kallon ƙirjinsa. In numfashin ya ɗan jinkirta sai ta taɓa shi, ya farka yana harararta.

Da gari ya waye ta ga in ta ci gaba a haka ita za ta riga shi kwanciya. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rabin sani ya fi su duka. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna a cikin ɗakin, ba a tsakar gida ba, ta ninke takardar awon riga ta cusa a jaka, ta hau motar haya zuwa gidan Hedimasta.

Hedimasta shi ne tsohon shugaban makarantar da Malam ya fi daɗewa yana koyarwa, kuma amininsa tun suna samari. Shi ya tsaya masa lokacin aurensu, don haka har yau Amarya yake kiranta. Ya tsufa, kunne ɗaya ya daina aiki. Ta same shi a baranda yana fama da wata tsohuwar fanka da sukudireba.

"A'a, Amarya! Ke da kanki? Ya ƙanina? Ba dai jikin ba?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara bayani, sai kuka ya ƙwace mata. Ta miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya duba, ya juya bayanta ya ga awon kafaɗa da na hannu, ya sake juyowa.

"Wa ya ba ki waɗannan?"

"Shi yake faɗa. Kullum. Na duba a ƙamus ɗinsa. Hedimasta, likkafani yake kira."

"Yana magana? Shi ne ba a gaya mini ba?"

Ta kunna wayar ta kara masa a kunnen mai ji. Muryar Malam ta fito. Tsohon ya kasa kunne. Can sai leɓensa suka fara motsi, yana bi. Da naɗin ya ƙare, shi bai tsaya ba, ya ƙara ɗango biyu daga kansa, sannan ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Waƙa ce, Amarya. Rubutacciyar waƙa ce da ke cikin littafin jarrabawar 'yan aji shida. Shekara wajen goma sha biyar yana koyar da ita. Ofis ɗina bango ɗaya ne da ajinsa, har ni na haddace ta ba da sona ba. Labarin wasu matuƙa jirgin ruwa ne da iska ta ɓatar da su a teku, suna ɗokin gida."

"To likkafanin fa? Mutuwa suka yi?"

"Ina! Sun koma gida, har matansu suka yi musu faɗan daɗewa." Ya ƙwala wa jikarsa kira ta kawo masa ƙamus daga ɗaki. Ya buɗe, ya ɗora yatsa. "Karanta nan. Kin ga lamba ɗaya? Ita kika karanta. To sauko ƙasa. Kin ga lamba biyu?"

Ta duba. Akwai lamba biyu. Har da ta uku.

"Igiyoyi ne," in ji shi. "Igiyoyin da ke riƙe da dogon sandan nan na tsakiyar jirgi don kada ya faɗi. Iska ce take kuka a cikinsu. Turanci ai munafuki ne, kalma ɗaya fuska uku. Kowace shekara sai yara sun faɗa wannan ramin, shi ya sa yake ɗaga murya in ya zo wurin. Ke ma ga shi kin faɗa, ba ki ko biya kuɗin makaranta ba."

Umma ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Amma kafin ta gama ajiyar zuciya wani abu ya soke ta.

"To ta farkon fa? Wanda aka yashe?"

"Jirgin ne. Jirgin ne shi kaɗai a tsakiyar ruwa."

"Ke nan ba da ni yake ba."

"Ba da ke yake ba."

Ta murza bakin mayafi. "Ke nan bai ce mini komai ba. Duk kwanakin nan, ba magana yake yi mini ba."

Hedimasta ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa. "Wannan kuma ban sani ba, Amarya. Ni makaranta na riƙe, ba asibiti ba. Ki kai wa likita wannan naɗin ta ji." Ya shiga ciki ya daɗe yana bincike, ya fito da wani siririn littafi da bangonsa ya yage, ya ninke mata shafin da waƙar take.

A mota tana komawa ta rasa wanne ya fi. Jiya tana da miji mai yi mata sallama. Yau tana da miji da bai ce da ita uffan ba tun ranar da ya faɗi.

Ranar Talata ce ranar ganin likitar da ke yi masa gashi da motsa jiki. Yarinya ce matashiya, ba ta da yawan magana. Ta saurari naɗin sau biyu.

"Mama, wannan ba baƙon abu ba ne," ta ce. "Abin da mutum ya haddace tun da daɗewa yakan fito ko da sauran magana ta toshe. Ba zaɓen kalmomin yake yi ba, su suke zuwa. Amma alama ce mai kyau. Ki riƙa fara masa, ki tsaya, ki bar shi ya ƙarasa. Wani lokaci ta nan ake samun ƙofa."

"Zai dawo yana magana kamar da?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama."

Umma ta kwana biyu tana shiri kafin ta gwada. Waƙar baiti shida ce, kuma a baitin farko kaɗai akwai kalmomi tara da ba ta sani ba. Ta nemo su ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta karanta har lambar ƙarshe, wani lokaci ta rasa wadda za ta ɗauka a ciki. Ta rubuta ma'anoninsu da Hausa a ƙarƙashi da fensir.

Ranar Alhamis da hantsi ta jingina Malam da matashi biyu, ta ja kujera, ta buɗe littafin. Ji take kamar wadda aka tsayar a gaban aji. Ta fara. Ɗangon farko ta haye shi da ƙyar, tana tuntuɓe a kan kowace kalma. Ta tsaya ta dube shi. Bai ƙarasa ba. Kallonta kawai yake yi, ya karkata kai.

Ta shiga na biyu. A tsakiyarsa akwai wata doguwar kalma mai haruffan da ba a furtawa, ita kuma ta furta su duka, ba ta bar ko ɗaya ba.

Fuskar Malam ta yamutse. Ya ɗaga hannun hagu ya buga katifa.

"A'a!"

Littafin ya kusa suɓuce mata.

"Malam?"

"A'a," ya sake cewa, a fili, da fushin malamin da aka ɓata wa darasi. Sannan ya furta kalmar yadda take, a hankali, yana kallon bakinta. Ta maimaita. Ya girgiza kai, ya sake. A karo na uku ya rufe ido ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta gane ta sarai.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce bari ta duba ruwan da ta ɗora, ta je ta tsaya a kicin ta dafa bango na ɗan lokaci, sannan ta dawo suka ci gaba. Kafin azahar ya ce mata a'a sau goma sha ɗaya.

Da Auta ta gama jarrabawa ta dawo, ta ji duk abin da ya faru, ta yi ta mita. "Umma, da kin turo mini, ai minti ɗaya ne a waya! Kika zauna kina cin ranki ke kaɗai?"

"Ke da me za ki ji, da jarrabawa ko da likkafani?" in ji Umma.

Ba ta koma shago gaba ɗaya ba. Ta sa aka ɗauko mata keken ɗinki guda aka ajiye a falo, inda take hango gadonsa ta ƙofa. Bayan wata huɗu Malam yana da kalmomi kamar arba'in. Yana cewa ruwa, yana cewa zo, yana cewa zafi, yana kiran Auta. Wasu ranakun kuma duk su gudu, ya wuni ba ko ɗaya, sai haushi da hawaye. A irin waɗannan ranaku Umma takan kasa zura zare a allura. Hawan jininsa ma bai zauna wuri ɗaya ba. A zuwansu na ƙarshe likita ta canza masa magani, ta ce a riƙa aunawa safe da yamma a rubuta, a kawo mata takardar ranar Talata.